Kaset Mai Fuska Biyu

Montana, 15 ga Satumba, 1983
(a bayan kati mai hoton tsauni)

Marlys 'yata,

Ina fata kina lafiya, sanyin Alaska bai fara kama miki ƙirji ba. Ni ba laifi, sai gwiwar nan. Mun shiga gandun dajin da kika yi ta yi mana talla. Duwatsu dai ga su nan, har sun yi yawa. Ranar Talata na rasa babanki a cikin dajin. Mutane sun yi kirki ƙwarai, wani jami'in gandun ma shi ya tuƙo motar ya fito da ita. Kati ya cika, sauran magana sai na isa gida.

Mamanki,
Alvina


Alaska, 23 ga Satumba

Mama,

Ina gaishe ki, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Ban ma san wa zai buɗe ta ba. Ni lafiyata ƙalau, in ana kiran wanda ya kasa haɗiyar abinci mai lafiya.

Katinki ya zo a jirgin wasiƙu na jiya. A tsaye na karanta shi a bakin kanti, matar mai kantin ce ta zaunar da ni a kan buhun fulawa. Mama, me kike nufi da kin rasa Baba? Rasawa wace iri? Kin ce wani ne ya tuƙo motar. Baban da ko Fasto bai taɓa bar wa sitiyarinsa ba? Sannan kika ce sai kin isa gida, ba ki ce sai kun isa ba.

Na san halinki. Shekarar da ƙanƙara ta kwantar mana da alkama kaf, rubuto mini kika yi wai an ɗan yi ruwa. Ranar da injin girbi ya cire wa Baba yatsa kika ce ya ɗan ji ciwo. To yau ke da hannunki kin rubuta "na rasa", ko "ɗan" ɗin nan naki ba ki sa ba. Me kike so in ɗauka?

Na buga waya gida daga kanti, ita kaɗai ce waya a duk ƙauyen nan. Ta yi ta kuka ba wanda ya ɗauka. Na buga wa Fasto, ya ce bai ji komai ba, gidan a rufe yake, maƙwabciyarmu Ardis ce ke ba kaji hatsi. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ba ni hutu, amma hazo ya rufe teku, matuƙin jirgin ya ce shi bai san ranar tashi ba. Ga ni zaune da jaka a ɗaure.

Ni na aiko muku da hotunan wurin nan. Ni na ce kun gama girbi, ku je ku ga duniya ko sau ɗaya. In wani abu ya sami Baba a can, ban san yadda zan dubi idonki ba.

Don Allah, duk wanda ya buɗe takardar nan, ya faɗa mini gaskiya kai tsaye.

Marlys


North Dakota, 29 ga Satumba

Marlys,

Gaisuwa mai yawa. Muna gida, mu biyu, kowa da ƙafafunsa. Babanki na gareji yana ta ƙwanƙwasar abin da ba abin da ya same shi. Kaji lafiya. Ardis ta kula da su, na ga alama ta kula har da abin da ke cikin kabad ɗina na kicin.

Haba Marlys! Mutuwa a bayan kati? Ni ce zan sanar da ke rasuwar ubanki a ƙarƙashin hoton dutse? Amma laifina ne, a gaggauce na rubuta, ban sake dubawa ba. Ki yafe mini.

Jiya da kika same mu a waya na ce miki mun ji daɗin tafiya. Kin san dalili. Layin nan namu tare muke da maƙwabta a kansa, ina ɗauka na ji Ardis ta ɗaga tata, har agogon bangonta nake ji. Abin da zan faɗa miki ba na kunnen Ardis ba ne. Ki zauna.

A bakin ƙofar gandun akwai wata rumfa da ake ba da hayar kaset. Ka sa a rikodar mota, wani mutum yana yi maka bayanin abin da kake wucewa. In ka ji "tiit" ka kashe, in ka kai wurin da ya ambata ka sake kunnawa. Ni na ce mu karɓa. Babanki ya ce shi da ya tsufa yana jigilar alkama ba ya bukatar wani ƙato ya nuna masa hanya, amma dai ya karɓa, shi ya ma duba kaset ɗin ya sa da hannunsa. Muryar mutumin a nitse take, irin ta masu wa'azi, wadda mutum ke jin nauyin yi mata musu.

Da farko dariya muke. Ya ce ga tafki nan a hannun dama. Muka duba, dutse ne miƙe har sama. Babanki ya ce, "Ƙila shi ma tafkin hutu ya tafi." Kin san shi ba ruwansa da hagu da dama. Tun da na aure shi da gabas da yamma yake magana: miƙo gishirin da ke arewa da ke, sosa mini nan kudu da kafaɗa. To duk lokacin da mutumin ya ce dama sai ya ce, "Wato ina ke nan a wajen masu hankali?"

Daga nan gajimare ya sauko ya zauna a kan hanya, rana ta ɓace. Hanyar kuwa ba irin tamu ba ce da za ki miƙe ki ga ƙarshenta, murɗewa take ta sake murɗewa. Mutumin ya ce yanzu hawa kuke, kunnuwanku za su toshe. Mu kuwa gangara muke, ƙafar babanki na kan birki. Ya daina dariya. Ya ce ga rami mai zurfi a hagunku, kada ku matsa. Ramin a damanmu yake, ta wajena, ina kallon kan itatuwa a ƙasa. Na ce, "Halvor, mutumin nan ƙarya yake, mu kashe shi." Ya ce, "Bar shi. Ba za su ɗauki maƙaryaci aiki ba."

Can ya ja mota gefe ya tsaya. Ya leƙa sama ta gilashi, ya leƙa ta taga. Ya ce, "Alvina, ina arewa?"

Na ɗauka zolaya ce, na ce, "Tana inda ka ajiye ta." Sai na juya na ga fuskarsa. Marlys, na ga mutumin nan ranar da injin ya ci yatsansa, ban ga irin wannan fuskar ba.

Muka ci gaba, a hankali kamar masu rakiyar gawa. Mutumin ya ce in kun haye gada ku shiga hagu, akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ga gada kuwa, ga wata 'yar hanyar tsakuwa a hagu. Babanki har ajiyar zuciya ya yi, don yau dai magana ɗaya ta yi daidai. Muka shiga. Hanyar ta yi ta tsukewa, rassa na kankare mota, dusar ƙanƙara ta fara sauka, a watan Satumba fa. Muka wuce wani allo mai hoton beyar, ƙaton naman dajin nan mai kisa. Na ce mu koma. Ya ce ba wurin juyawa, kuma gaskiyarsa, dutse ta nan, kwazazzabo ta can. Har hanyar ta ƙare a gindin itatuwa.

Na kunna kaset. Mutumin, da fara'arsa, ya ce ku sauka ku ɗan taka, ga ruwan nan kuna jin ƙararsa. Ba ƙarar komai, shiru kamar maƙabarta. Babanki ya ɗauki hularsa ya ce bari ya duba. Na riƙe masa hannun riga, ya zame ya shiga cikin itatuwan nan.

Bai dawo ba. Na jira, na jira, dusar ta rufe sawunsa ina kallo. Na fito na yi ta kiran sunansa, muryata ta dawo mini. Gwiwar nan ba za ta kai ni ko'ina ba, tuƙi kuma kin san ban taɓa koya ba, don me zan koya ina da Halvor? Na koma mota na kulle ƙofofi saboda beyar, sai kunya ta kama ni, mijina na waje ni na kulle ƙofa, na sake buɗewa. Na ɗora hannu a kan oda na yi ta dannawa ina addu'a ina kuka, ni da ko a jana'izar uwata ban bari an ga hawayena ba.

Odar ce ta jawo wani jami'in gandun da ke wucewa a motarsa. Ya shiga, bai jima ba ya fito da shi. Ashe yana nan kusa, da na yi jifa da dutse sai ya same shi. Zaune yake a kan wani kututture, hula a hannu, dusa ta yi masa fari a ka. Yana jin odar. Ya ce wa jami'in bai san ta wane ɓangare take zuwa ba, shi ya sa ya zauna. Jami'in ne ya yi ribas da motar har bakin kwalta, babanki na kujerar baya.

Na ƙirƙiri cewa gwiwata ta tashi, muka sauka wajen Gwaggonki Tillie muka kwana biyu, shi ya sa kika yi ta bugowa ba kowa. Da duwatsun suka koma bayanmu, ƙasa ta shimfiɗe, ya ja dogon numfashi ya nuna da haɓa ya ce, "Ga arewa can." Ya kawo mu gida lafiya lau, ko kuskure ɗaya babu. Har yau bai ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Amma ba na iya cire Baffanki Nels daga raina. Kin tuna ciwon mantuwarsa da ɓatan hanya ya fara. Tsoro nake ji, Marlys. Ga shi na rubuta, ban sa "ɗan" ba.

Mamanki


Alaska, 11 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ku, ke da Baba. Na gode Allah da jin muryarku, na kwance jakata. Muna fama da masu tari a asibiti, ni dai bai kama ni ba. Ki riƙa ɗumama gwiwar nan da tsumma mai zafi, ki daina durƙuso wajen goge ƙasa, ba wanda zai zo duba miki.

Na karanta takardarki a ɗakin magani, na rufe ƙofa. Da na zo inda Baba ke zaune a kan kututture yana jin oda bai san ta ina take ba, sai na ji sanyi har cikin ƙashina. Zan yi miki magana a matsayin nas, in kin so ki yi fushi.

Ba kaset ɗin ne ya dame ni ba. Kaset na iya yin shirme. Abin da ya dame ni, Baba ne ya tambayi inda arewa take. Mama, ko ido aka ɗaure masa aka juya shi a tsakar gida sai ya nuna ta, muna yara wasan da muke sa shi ke nan. Ki lura mini da wasu abubuwa ba tare da ya sani ba. Yana maimaita tambaya? Yana neman sunan abu ya rasa, ya ce "abin nan"? Yana ajiye kaya inda ba wurinsu ba? Kada ki ce mini "ba laifi".

Ina ganin ki ɗauke makullin motar ki ɓoye, ko na ɗan lokaci ne. Na san abin da nake cewa, na san motar nan ita ce ƙafarsa, ita ce girmansa. Amma hunturu na tafe. Ni ce fa na bi Baba ranar da aka tsinci Baffa Nels a gonar mutane da silifas cikin dusa, na ga yatsun ƙafarsa. Ba na so wata rana a bugo mini a ce an ga motar Baba a rami, ko ya take ɗan wani a bakin makaranta.

Akwai wuraren da suka san yadda ake kula da irin wannan, tun kafin abu ya yi nisa. Ki yi tunani. In kina so in zo in yi masa maganar da kaina, hutuna na nan ban taɓa ba.

Ina kwana da ku ina tashi da ku.

Marlys


North Dakota, 20 ga Oktoba

Marlys,

Muna lafiya, muna fata kina lafiya. An yi sanyin farko, na kwashe sauran tumatir. Gwiwa da sauƙi, kuma zan goge ƙasata yadda na ga dama.

"Wuraren da suka san yadda ake kula da irin wannan." Sannu, nas! Na san wurin, ai ni na riƙa kai wa Nels miya duk Lahadi, yana ɗaure a kujera da zanin gado yana kirana da sunan uwarsa. Can kike so in kai ubanki? In ɓoye masa makulli kamar ɓarauniya a gidana? Da na karanta sai da na jefa takardarki a murhu, kuma gara da na yi, don shi ke ɗauko wasiƙu a akwatin bakin titi, ya tsaya a kaina yana cewa me 'yar tasa ta ce. Na ce kin ce ana sanyi.

To bari ki ji abin da zai sa ki ji kunya, kamar yadda ni ma na ji.

Ran Juma'a ina zazzage jakata ta tafiya sai ga kaset ɗin nan. Ya kamata mu miƙa shi a ɗaya ƙofar, ruɗewa ta sa na jefa shi a jaka. Kayan mutane a gidana wata guda! Na ce gobe zan aika musu ta gidan waya da ban haƙuri. Amma kafin in naɗe shi na sa tabarau na duba. Fuska biyu gare shi, ɗaya an rubuta GABAS, ɗaya YAMMA. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe, waɗanda babanki ba zai gani ba tunda ya rantse idonsa garau ne, an ce a sa fuskar ƙofar da aka shigo ta cikinta.

Marlys, ta gabas muka shiga. Na ɗauko taswira na baje a teburin kicin, na sa fuskar YAMMA a 'yar rikodata. Ga muryar nan, ga tafki a dama. Na ɗora yatsa a ƙofar yamma na biyo hanya. Tafki na nan a dama! Hawan na nan, ramin na hagu, gadar ma na nan, wata gada ce daban a can ɗaya ƙarshen, da ruwanta mai zubowa. Bawan Allah nan gaskiya yake ta faɗa tun safe, mu ne muke tafe ta baya.

Na ruga gareji, na manta da wata gwiwa. Na ce, "Halvor, wace fuska ka sa?" Ya ce, "Yamma mana. Ba yamma muka nufa ba?" Ka ji! Ai mu haka muke, hanya da inda ta nufa ake kiranta. Wa ke kiran hanya da inda ya baro? Na nuna masa rubutun, na ba shi tabarau ɗina. Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya zauna a kan bokiti ya fashe da dariya, har da hawaye, yana buga cinya yana cewa, "Munafuki! Ashe fuska biyu gare shi!" Ni ma na yi ta yi. Rabona da jin dariyarsa tun kafin gajimaren nan ya sauko.

Wane ne ba zai rikice ba? A sa ki cikin hazo, ba rana, wani mai muryar wa'azi yana ce miki hawa kike alhali kina gangara. Ko ke da karatunki sai kin zauna a kan kututture. Ranar Lahadi da bakinsa ya ba maza labari wajen shan kofi bayan sujada a coci, har Fasto ya ƙware don dariya. Yanzu Ardis ta ji, kuma ba ta waya ba.

Tambayoyinki kuwa, yana cewa "abin nan", amma tun yana saurayi yake cewa. Makulli na aljihunsa, nan zai zauna. Ga shi nan ya ce in bar masa wuri.

Mamanki

Marlys, mamanki ta ce kin ce ana sanyi. Nan ma ana yi. Kaina na nan daram inda kika bar shi. In za ki zo ki zo da kifi, ki bar allurarki a can. Babanki, H. Tangen.


Alaska, 30 ga Oktoba

Mama da Baba,

Ina gaishe ku da kyau. Lafiyata ƙalau, masu tarin sun ragu, teku ta fara daskarewa a baki-baki.

Kai, Mama! Na yi dariya ni kaɗai har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya. Yamma muka nufa! Wallahi da ni ce a motar nan, ni ma yamma zan ce a sa, ai 'yar gidan ce. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, daren jiya ne na fara barci na kirki tun zuwan katinki.

Amma ki ji, ba gidan tsofaffi nake nufi ba. Asibitin birni nake nufi, inda ake gwada mutum a ba shi shawara ya dawo gidansa. Ni zan ce a ɗaure Baba a kujera? Abin ya yi mini zafi da kika ɗauka haka, amma na ga yadda na rubuta shi, ni ma irin katinki na yi. Mun yi ɗaya da ɗaya. Ki yi haƙuri, aikin nan ne, kullum ciwo muke gani har mu fara ganinsa inda babu.

Tunda haka ne na mayar wa likita hutun, zan haɗa shi da na Kirsimeti in daɗe. Baba, kifi na nan an shanya maka, wanda ya fi tsayin hannunka. Ka sayi tabarau.

'Yarku,
Marlys


North Dakota, 9 ga Nuwamba

Marlys 'yata,

Ina gaishe ki. Takardarki ta zo, babanki ya ji daɗin maganar kifi. Jikinmu lafiya, yana cin abinci sosai. Dusa ta sauka ran Alhamis ta kwanta, amma an share hanyoyi.

Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa. Bari in faɗa yadda ya faru kawai.

Ran Lahadi muka fita zuwa coci. Gari garau, ba gajimare ko ɗaya, rana ta fito tana ƙyalli a kan dusa har tana kashe ido. Kin san hanyar, ki miƙe arewa daga ƙofar gida har mararrabar rumbun alkama, ki karya gabas, ga hasumiyar coci kina hange. A cocin nan aka yi masa baftisma, a nan aka ɗaura mana aure.

Da muka kai mararraba ya tsaya. Ba mota ko ɗaya, gaba da baya. Na ɗauka agwagin daji yake kallo. Inji na aiki, hannayensa biyu a kan sitiyari, muna nan zaune. Sai ya ce, a hankali, bai dube ni ba, "Alvina, hagu ko dama?"

Ba kaset, Marlys. Ba hazo, ba dutse. Na ce, "Gabas, Halvor." Ya dubi gilashi, ya dubi ranar nan da ke tsaye a sama, bai motsa ba. Sai na ce, "Dama." Ya karya dama.

A coci ya rera waƙoƙi duka da ka, ko littafi bai buɗe ba. Ya sha kofi da maza, suka ce ya sake ba su labarin kaset, ya bayar, suka yi dariya. Ni ina can wajen wanke kofuna na tsaya na dafa tebur, Ardis na tambayata ko gwiwar ce. Na ce ita ce.

Ina wankin nan nake tunanin abin da na ƙi tunawa ranar da na baje taswira. Halvor ɗin da na aura, tun a tafkin farko zai zare kaset ɗin nan ya wurga mini a cinya ya ce in ajiye shirme. Bai zare ba. Ya yarda da muryar baƙo ya ƙaryata idonsa, don ya riga ya daina yarda da kansa, ban san tun yaushe ba. Dariyar da ya yi a kan bokiti, ina jin ya fi ni son ta zama gaskiya.

A hanyar dawowa kafin mu kai mararraba na ce, kamar da wasa, "Sai hagu ke nan." Ya ce, "Na sani." Ban san ko ya sani ba.

Da ya shigar da mota gareji ya kashe, ya daɗe bai fito ba. Na shiga na ɗora abinci. Ya shigo yana kakkaɓe takalmi, ya miƙo mini makullin ya ce, "Riƙe mini wannan, aljihun wandon nan ya huje, kar ya faɗi a dusa." Na karɓa na sa a aljihun rigar girkina, na ce ya wanke hannu.

Litinin da na zo wanki na juya aljihun. Ba huji. Na juya ɗayan, na duba na kwat ɗinsa, duk lafiyarsu lau. Na tsaya riƙe da wandon nan a ɗakin wanki na yi kukan da ban yi a mota ba. Yau Laraba, bai tambaye ni ko na ɗinke ba. Da ƙafa yake zuwa ɗauko wasiƙu, wai likita ya taɓa ce masa tafiya na da amfani.

Kin yi gaskiya, ni ce na ƙi ji. Ki nemo mana asibitin nan da kika ce, wanda mutum ke dawowa gidansa. Ina jin tsoro ƙwarai, kuma ban iya jinsa ni kaɗai ba. Kada ki jira Kirsimeti, ki karɓo hutunki ki zo. Mijin Ardis zai ɗauko ki a tasha, na riga na roƙe shi, su faɗi abin da za su faɗa.

Abu ɗaya nake roƙonki. In kin shigo kada ki yi masa kallon nas. In ya ce miki aljihunsa ne ya huje, ki ce masa to.

Mamanki,
Alvina